Kunya ba za ta haɗa miki ƙashin ƙirji ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Shekaruna 28, ina aure a Jega, yarana uku, autan shekararsa ɗaya da rabi. Tun haihuwata ta biyu nake fama da haki da kumburin ƙafa, daga baya aka gano bawul ɗin zuciyata, wato ƙofar da jini ke bi, ne ya lalace, wanda likitoci ke kira maitiral. Maigidana ya sayar da gonarsa ta fadama, 'yan uwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka yi mini aiki aka sa na ƙarfe. Yau kwana 24 da aikin, kwana goma da dawowata gida. Gida ɗaya muke da uwar mijina. Inna mutuniyar kirki ce, ita ta riƙe mini yara, amma yanzu ta fara cewa tunda ciwo ya rufe in tashi in kama aiki, kwanciya ba ta ƙara lafiya. Jiya don kunya na ja ruwa guga biyu, daren nan ban runtsa ba. 'Yan dubiya kowa da abin da yake kawowa, jiƙo, garin zogale, wata ma ta ce a kira wanzami ya yi mini ƙaho a fitar da mataccen jini. Inna kuma ta ce ƙwayar da nake sha kullum ita ke tsotse ni, in huta da ita. Da dare ina jin abin yana ƙas-ƙas kamar agogo, sai in yi ta kuka ban san dalili ba. Ga maigida ya fara zancen ƙarin haihuwa cikin raha. Mi zan yi, Gwaggo? Ba na son a ce na butulce bayan duk abin da aka kashe a kaina.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce. Maigidanki kuma Allah ya mayar masa da ninkin gonar da ya sayar.

Gugan nan biyu ne suka tsaya mini a rai tun ban gama karanta wasiƙarki ba, don haka da su zan fara. Ki ɗora tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinki, ki yi tari a hankali. In kin ji wani abu na motsi, ko yana ƙaras-ƙaras kamar ƙashi na gogar ƙashi, ko kin ga wurin ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana tsattsafo ruwa ko mugunya, ki ajiye karatun nan, a nemo mota ku nufi Birnin Kebbi yau ba gobe ba. In tsamin jiki ne kawai, to kin tsallake, kuma kin yi na ƙarshe. Ke da guga sai ranar da likitanki ya ce.

Inna ba ta yi ƙarya ba da ta ce ciwo ya rufe. Abin da idonta ya gani ta faɗa, fata ta haɗe, ita kuwa fata sati biyu ya ishe ta. Na ƙarƙashi ne ba ta gani ba. Kafin a kai ga zuciya sai an raba ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu daga sama har ƙasa, in an gama a mayar da shi a ɗaure da wayoyin ƙarfe. Wayoyin suna nan a jikinki yanzu haka, kuma nan za su zauna. Riƙo kawai suke yi, kamar karan da maɗori ke ɗaura wa mai karaya. Haɗewa kuwa, ƙashin ne zai yi abinsa, yana bukatar sati shida zuwa takwas, bai kuma gama yin ƙwari ba sai wajen wata uku. Wato ke a yau mai karaya ce, a wurin da duk numfashin da kika ja sai ya motsa. Da a ƙafa take, da kowa ya ga ɗauri, da ba mai ce miki tashi ki yi daka.

Ƙa'idar da ake ba masu irin aikinki ita ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 5 cikin waɗannan makonni. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sai ki yi lissafi da kanki: buta ba laifi, bokiti a'a, jarkar nan mai lita 25 kuwa ko jan ta a ƙasa kada ki yi. Autanki ya kai kilo goma ko kusa da haka, saboda haka babu ɗauka, babu goyo. Na san wannan ya fi duk sauran ciwo. Ki zauna a kujera a ɗora miki shi a cinya, da matashi a tsakaninku, don kan yaro bai san inda ɗinki yake ba. Daka, tuƙin tuwo, wanki da matse zani, shara a duƙe, miƙa hannu a shanya a igiya mai tsawo, duk nauyinsu a kan ƙashin nan yake sauka. In kina son a ga hannunki a aikin gida, ga tsintar shinkafa, ga gyaran wake, ga yankan kuɓewa, ga duba karatun yara, duk a zaune.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa a faɗa wa mutanenmu ba ranar sallama. Mu a ƙasa muke zama, kuma tashi daga tabarma sai an dafa ƙasa da hannu an yunƙura. Wannan yunƙurin ne ba a so. A samo miki gado ko katifa mai tudu da kujera mai jingina. In za ki tashi daga kwance, ki mirgina gefe, ki zuro ƙafafu ƙasa, hannuwanki rungume da ƙirji, ƙafafun su yi aikin. Ƙaramin matashi ya zauna kusa da ke dare da rana, tari ko atishawa ya taso ki rungume shi ƙam ki yi. Kada tsoron zafi ya sa ki danne tari, majinar da ta kwanta a huhu ita ke komawa nimoniya. Hayaƙin murhu da ƙurar hunturu ki ba su wuri. Wanka ki yi abinki da ruwa mai ɗumi da sabulu, kada a cuɗa wurin ɗinkin, a tsane shi da tsabtataccen ƙyalle, kuma kada a shafa masa komai, ko man kaɗanya ne ko zuma. Salla kuwa an riga an sauƙaƙa miki: Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini, da yake fama da ciwo, ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin na cikin Buhari. Ki yi taki a kujera har ƙashin ya kama.

Amma fa a wani ɓangaren ina bayan Inna. Kwanciya ba ta ƙara lafiya, wannan gaskiya ce tsantsa. Abin da jikinki ke so tafiya ce. Ki fara da minti biyar zuwa goma a tsakar gida, sau uku a yini, da sanyin safiya da bayan la'asar da dare, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan har ki kai rabin awa a sati na shida. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kina tafiya kina iya hira, kina daidai, in magana ta fara yankewa saboda haki, ki zauna. Kabu-kabu dai ki manta da shi yanzu. A mota ki zauna a baya, ki sa bel, da matashin nan tsakaninsa da ƙirjinki.

To yanzu ga ainihin ciwon da ya sa kika rubuto. Kin ja ruwa kina sane likita ya hana, saboda ba za ki iya kallon idon surukarki ki ce a'a ba. Ban ga laifinki ba, haka aka raine mu. Ni ma na yi zama da uwar miji, na sha yin abin da jikina bai so don gudun kada a ce. Amma ki sake duba lissafin. Kina tsoron a ce kin butulce bayan an sayar da gona. In waya ta saki ko bawul ya toshe, ɗakin tiyata za a koma, kuma gona ta biyu babu. Dukiyar da suka zuba a cikin ƙirjinki take, ke aka ba ajiya.

Kuma ba daga bakinki ya kamata maganar ta fito ba. Suruka ba ta gyara wa uwar miji zance ko da ita ke da gaskiya, ɗanta ne zai yi. Ki sami maigida in dare ya yi yara sun kwanta, in kin ga dama ki karanta masa wannan amsa. Ranar komawa asibiti ya tafi da Inna, ta shiga ɗakin likita da ƙafarta, a ɗaga mata hoton ƙirjinki. Wayoyin suna fitowa ɓaro-ɓaro a hoto, a jere, kowace an murɗe bakinta kamar ɗaurin buhu, zoben bawul ɗin ma ana ganinsa. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga tsofaffi sun shigo suna cewa raki ne, sun fita suna salati, daga ranar su ke korar mai ciwon daga bakin murhu. Gani ya kori ji. A kuma faɗa mata da harshen da ta sani: mai jego ana ba ta kwana arba'in, ana dafa mata ruwa, ba wanda ya taɓa kiranta raguwa. Wadda aka tsaga wa ƙirji arba'in biyu take bukata. In hannu ya yi kaɗan a gidan, a ɗauko ƙanwarki ko tasa ta zauna wata biyu. In hakan ya gagara, tafiya gidanku jinya ba yaji ba ne, kamar wankan gida ne, da izininsa da sa albarkar Inna.

Sai ƙwayar da aka ce tana tsotse ki. A nan ba ni da sassauci ko na ƙwayar zarra.

Zuciya ƙofofi huɗu gare ta, kowace na buɗewa jini ya wuce, ta rufe kada ya dawo baya. Taki ɗaya yanzu ta ƙarfe ce, kuma halin jini ne in ya haɗu da abin da ba tsoka ba ya daskare a kai. Gudan jini in ya taru a kan bawul, ko dai ya maƙale shi ya hana shi buɗewa, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya je ya toshe a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Wafarin, wato ƙwayar nan da kike sha, ke hana wannan, kuma za ki sha shi iya tsawon rayuwarki. Kada misalin wani ya ruɗe ki. Wanda aka sa wa bawul na naman dabba sau da yawa 'yan watanni yake sha ya daina, amma nasa bawul ɗin yana tsufa cikin shekara goma zuwa ashirin, a jikin matasa ma bai cika kai haka ba, sai a sake aiki. Naki an yi shi don ya zauna, ladan zamansa ita ce ƙwayar nan kullum. Ramar da Inna ta gani ta aikin ce da jinin da aka rasa da rashin son abinci. Maganinta kifi ne, da ƙwai, da wake, da nama, da nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Wani zai zo dubiya ya ce miki ai maganin ɓera ne kike sha. Kada ki yi musu, ya yi gaskiya. Asalin abin shanu ne a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini a shekarun 1920 bayan sun ci ruɓaɓɓiyar ciyawa. Masana a Jami'ar Wiskonsin suka bi diddigi har suka gano sinadarin, daga gare shi aka sarrafa wafarin, a 1948 aka fito da shi gubar ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, shekara ɗaya bayan nan shugaban Amurka na lokacin, Eisenhower, ya sha shi bayan ciwon zuciya. Abin da ya sa mutum ke sha ya rayu shi ne ana auna masa.

Awon nan shi ne INR da kika gani a takardarki, mai nuna jinkirin daskarewar jini. Lafiyayyen da ba ya shan komai nasa kusan 1 ne. Mai bawul na ƙarfe a maitiral yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, amma lambar da likitanki ya rubuta a takardar sallama ita ce taki. Ya yi ƙasa, jini na iya daskarewa. Ya yi sama, zubar jini. Ba a gane shi da ido ko da yadda jiki ke ji, sai an ɗebi jini. A farkon nan kowane sati ne, in ya daidaita a koma wata-wata. Na san kuɗin mota da na awo ba wasa ba ne ga gidan da ya gama sayar da gona, amma a rage ko'ina ban da nan. Jega zuwa Birnin Kebbi ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, ga asibitin tarayya a can, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da likitocin zuciya. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ki ja layi ki raba shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da awo ya nuna, yawan da aka ce ki sha, ranar komawa. Littafin nan da takardar sallama su zauna a jakarki kamar carbi. Duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa ki, kafin ya ɗauki biro ki ce masa: ina da bawul na ƙarfe, ina shan wafarin.

Ki ɗaura shan ƙwayar da wata salla, isha'i ta fi, don kada lokaci ya riƙa yawo. Kin manta kin tuna a daren, ki sha. Gari ya riga ya waye, kada ki haɗa biyu, ki rubuta a littafi ki ci gaba kamar kullum. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai mai miligiram 1, akwai mai 5, kuma launin wannan kamfani ba shi ne na wancan ba, don haka lamba za ki karanta a jikin kwali. In ta rage ta sati biyu a sayo wata, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani mai kemis zai ce miki akwai sabon maganin tsinka jini na zamani da ba ya bukatar awo. Akwai shi, amma ba na masu bawul na ƙarfe ba ne, an gwada irinsa a kansu aka ga cutarsa ta fi amfaninsa.

Tunda na ambaci kemis, bari in ba ki labari. Ɗiyar wata maƙwabciyata, mai irin bawul ɗinki, ciwon baya ya dame ta, ta aika yaro da kuɗi. Aka ƙullo mata haɗin nan na maganin ciwon jiki a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali. Kwana uku tana sha. Ranar na huɗu bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ta tashi za ta yi alwala ta yanke jiki ta faɗi. Sai da aka ƙara mata jini kafin ta dawo hayyacinta. Dikulofenak, ibufurofen, asfirin in ba likitanki ya rubuta ba, da duk wani haɗi na leda, ki ɗauka ba a yi su dominki ba. Farasitamol ne naki, shi ma bisa ƙa'ida. Flagyl da Septrin, waɗanda mutanenmu ke sha kamar gyaɗa in ciki ya murɗa, suna ƙara wa wafarin ƙarfi, maganin tarin fuka kuwa rage masa yake yi. In bukatar ɗayansu ta kama, likita ne zai rubuta, ya kuma matso da ranar awo.

Ganye kuma, kada a tsorata ki. Wafarin da sinadarin bitamin K yake kokawa, shi kuwa a ganye yake, alayyahu, rama, zogale, yakuwa da sauransu. Wasu da sun ji haka sai su hana mai ciwo miyar ganye ɗungurungum, wanda kuwa ya hana mutuniyar Kabi miyar kuka ya hana ta tuwo. Ki ci yadda kika saba, a kan wannan cin ne za a daidaita miki magani. Abin da ke rikita awo shi ne sati biyu babu ganye, sannan kwana uku a jere ana kwaɗon zogale kwano guda. Garin zogale cokali-cokali da sunan magani dai a'a. Jiƙo da sassaƙe da tsimi su ma a'a, don ko mai haɗawar bai san abin da za su yi wa jininki ba. Gishiri, dunƙulen magi da kanwa a rage sosai, su ke tara ruwa a jiki. Albasar Aliero da daddawa kaɗan sun isa su tayar da miya. In akwai sikeli ki hau kowace safiya kafin karin kumallo. Ƙarin kilo ɗaya a kwana guda, ko biyu a sati, ruwa ne ba ƙiba ba, a kira likita.

Ƙaho kuwa ko da wasa. Haka tsaga, haka sakiya, haka cire haƙori a kasuwa. Jininki ba ya tsayawa da wuri, kuma aska na iya shigar da ƙwayar cuta da za ta bi jini ta je ta zauna a kan bawul. Baƙin gudan da kike gani a cikin ƙaho ana cewa mataccen jini, lafiyayyen jini ne da ya fito ya daskare.

Yadda za ki ƙi ba tare da kin ɓata da kowa ba shi ne a damƙa wa Inna wannan aikin. Tsohuwar da ta riƙe miki yara uku kina gadon asibiti so take a san da ita a cikin jinyar nan. Maigida ya ce mata, Inna, likita ya ce ke ce za ki tsare ta, duk abin da aka kawo ya bi ta hannunki, kuma ke za ki riƙa tuna mata magani bayan isha'i. Ita in ta ce wa maƙwabciya an gode, sai ta gama na asibiti, ba mai ja da ita. Ita ce kuma za ta iya cewa 'yan dubiya ta kwanta, ta tsayar da mai mura a bakin ƙofa. Addu'a da tofi a yi ta yi, muna so.

Zazzaɓi ina so ki sauya masa kallo. Mu nan duk zafin jiki maleriya ne, a sayo magani a sha. Ke in jikinki ya kai 38, ko kina rawar sanyi, ko gumi na jiƙa ki da dare, asibiti za a je a ɗebi jini kafin ki haɗiye kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda cutar da ke kama bawul da kayan maleriya take fara zuwa, kuma shan magani kafin awo yana ɓoye ta. Ki kwana cikin gidan sauro. Baki ma ƙofa ce: buroshi mai laushi safe da dare, asuwaki a hankali, in kuma za a cire haƙori a asibiti a faɗa musu tun farko don su ba ki magani kafin aikin. In an rubuta miki allurar penisilin ta wata-wata, kada ki tsallake. Sauran abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu, maigida ya haddace su: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, haki ya tashe ki daga barci, zuciya na gudu ba tsari, haɓon da aka matse hanci minti goma bai tsaya ba, jini a fitsari, baƙin bayan gida, ciwon kai mai tsanani, ko faɗuwar da kai ya bugu ko da ba a ga jini ba.

Zancen haihuwa, ko da raha ya zo, ki amsa shi da gaske. Wafarin yana iya nakasa ɗan tayi, musamman daga sati na shida zuwa na sha biyu, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Daina shi kuma ke yake jefawa cikin haɗari. Masu bawul na ƙarfe suna haihuwa, amma ciki ne da ake shirya masa tun kafin a ɗauka, da likitan zuciya da na mata, a kuma bi shi da awo har ranar sauka. Yanzu dai ku je tare a zaɓa muku hanyar tazara. Ƙwayoyin sha na haɗi da aka fi sani suna ƙara daskarar da jini, ba su dace da ke ba. Akwai na damtse da mata ke kira ashana, akwai na mahaifa. In al'ada ta yi jinkiri, washegari ki je asibiti, kada ki ajiye wafarin da kanki. In kuma ta riƙa zuwa da yawa fiye da da, ki faɗa, kada ki ji nauyi, akwai abin yi. Kwanciyar aure a jira wajen sati shida, lokacin da za ki iya tafiya da sauri ba haki, kuma kada nauyi ya hau ƙirji. Azumi in ya zo a tambayi likita tukuna, mara lafiya an ba shi damar ramawa.

Yaran nan uku ma ina da magana a kansu. Mafi yawan matan da bawul ɗinsu ke lalacewa da ƙuruciya a ƙasarmu, asalin abin ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani ba. Wata ƙwayar cuta ce ke kama yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, bayan 'yan makonni gaɓoɓi su kama ciwo, a ce sanyin ƙashi ne, garkuwar jiki kuwa tana can tana cin bawul, sai bayan shekaru, sau da yawa in ciki ya zo, abin ya bayyana. Yaronki ya ce wuya na ciwo da zazzaɓi, asibiti za a kai shi, penisilin na kwana goma ko allura ɗaya ke kashe maganar. Kada a kai wa wanzami a ce belu ne.

Na bar kukan zuwa ƙarshe don ba na so ki ɗauka ƙarami ne. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin zuciya suna shiga wannan hali, maza da mata, har waɗanda ba su da suruka a gida. Jiki ya sha wuya, barci ya rikice, ga tunanin bashi, ga ɗa na miƙo hannu ba a iya ɗauka. Ba raunin imani ba ne, kuma yawanci yana sauƙi yayin da ƙarfi ke dawowa. Ki sami mutum ɗaya da za ki riƙa faɗa wa gaskiyar zuciyarki, yayarki ko aminiya. In ya wuce sati biyu kullum a haka, abinci ya fita ranki, ko kin fara jin gara babu ke, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon kai, akwai magani.

Ƙas-ƙas ɗin kuma bawul ɗin ne ke rufewa, duk bugun zuciya sau ɗaya. Ya fi fitowa da dare saboda gari ya yi shiru. Ki bar rediyo ko karatun Alƙur'ani yana tashi ƙasa-ƙasa, ko fanka in akwai wuta. Da yawa bayan 'yan watanni sai sun kasa kunne suke jin sa. Ki saba da sautinsa dai, don ranar da ya sauya ko ya dusashe ga haki, ranar zuwa asibiti ce. Ɗiyar maƙwabciyar tawa, yaranta har layi suke yi su kara kunne a ƙirjinta su ji agogon Mama.

Ki sake rubuto mini bayan awon sati mai zuwa. Ki faɗa mini lambar da aka samu, da abin da Inna ta ce da ta ga hoton.